Ina ake gwajin ƙwaya da barasa kusa da Khulais, kuma me ke biyo bayan sakamakon?

Baffan Marayu, Khulais

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sakat tun bayan ƙaramar salla. Ina zaune a wani ƙaramin gari da ke cikin kwari gabas da Khulais a ƙasar Saudiyya, inda na shekara 19 ina kula da gonar dabino da kankana ta kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, kuma a hannuna ɗan yayana marigayi ya tashi tun yana ɗan shekara bakwai. Yanzu shekarunsa 23, yana tuƙa wayit, wato tankar ruwa, yana kai wa gonaki da masu raƙuma ruwa, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, tana da rai.

Wata biyar ke nan halinsa ya sauya. Yakan yi kwana biyu idonsa biyu yana aiki kamar inji, sannan ya kwanta ya yini ya kwana ba ya ko motsi. Ya rame, abinci bai dame shi ba, yana yawan taune haƙora, kuma yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba yanzu abu kaɗan ke tunzura shi, har yana zargin ƙannensa da bincikar masa waya. Sau ɗaya kuma na ji wani wari a bakinsa wanda ban so in ambaci sunansa ba.

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne an sa masa rana da 'yar wani aminina a Makka, bayan aikin Hajji za a ɗaura. Mahaifin yarinyar ya kira ni, ya yi mini magana cikin mutunci, ya ce wani zance ya iso kunnensa, yana so a yi wa yaron tahlili, wato gwajin asibiti, a kawo takarda domin hankalin kowa ya kwanta. Na je markaz, wato ƙaramin asibitin garinmu, da niyyar tambaya, amma da na ga wanda ke karɓar mutane maƙwabcina ne da muke sahu ɗaya a masallaci, sai na karɓi maganin hawan jinina na juyo.

Ina roƙon wanda ya sani ya gaya mini wurin da ya fi kusa da mu da ake wannan gwaji, na ƙwaya da na barasa, da kuma ko sakamakon yana wucewa hannun hukuma, domin ina tsoron in je neman gyara in jawo wa maraya tarhili, wato kora daga ƙasar. An kuma nuna mini wasu 'yan tsinkayen gwaji da ake tallarsu a intanet, aka ce zan iya samun fitsarinsa in gwada ba tare da ya sani ba. Shin abin dogaro ne?

Ummu Safiyya, Jidda

Wa alaikumus salam, Baffa. Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon maraya. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a nan Jidda shekara 11 ke nan, saboda haka zan yi magana a kan ɓangaren gwajin, in bar ɓangaren doka ga waɗanda suka fi ni saninta.

Ƙananan markaz na karkara an tanade su ne domin awon sukari, da jini, da rigakafi, da makamantansu, amfaninsu a irin wannan matsala shi ne likitan da ke wurin yana iya rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti. Idan kunyar idon sani ce ta hana ka, ba dole ba ne ka bi ta nan. Daga Khulais zuwa Jidda kusan kilomita 90 ne, tafiyar da za ku yi da safe ku dawo kafin la'asar, kuma a Jidda akwai manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke yin gwajin fitsari na ƙwayoyi, akwai kuma Mujamma'u Irada, asibitin masu jarabar ƙwaya, wanda da ake kira asibitin Al-Amal, inda gwaji yake tafiya tare da ganin likita. Ma'aikatar lafiya kuma tana da cibiyoyin kula da guba a Jidda da Makka, waɗanda su ne ke gwajin da hukuma ke dogara da shi, amma ba wurin da mutum zai shiga da kansa ya ce a gwada masa ɗa ba ne, ta hanyar turawa ake kai musu samfuri.

Sai dai kafin ku hau mota, ya kamata ka san cewa gwajin hawa biyu ne. Na farko shi ne na tantancewa, wanda ake tsoma tsinke ko a zuba fitsari a kofi, a ga sakamako cikin minti biyar zuwa goma, kuma shi ne ainihin abin da aka nuna maka a intanet. Wannan ba ya gane ƙwayar kanta, kamanninta yake kamawa, shi ya sa yakan yi wa mai gaskiya ƙage. Maganin mura mai ɗauke da sinadarin sudo'efedirin yana iya fitowa kamar amfetamin, ƙwayar nan mai hana barci, maganin tarin fuka rifamfisin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna iya fitowa kamar dangin heroyin, maganin tari mai kodin kuwa zai fito ko da likita ne ya rubuta shi. Hawa na biyu shi ne na tabbatarwa, wanda ake yi da na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta auna nauyinsu, yakan ɗauki kwanaki, ya fi tsada, amma shi kaɗai ne za a iya yanke wa mutum hukunci da shi. A wurin aikinmu ba ma ɗaukar sakamakon tsinke a matsayin ƙarshen magana, kuma ina ganin zalunci ne a rusa aure ko a kori yaro daga gida a kansa.

Akwai wani kuskure da na sha gani da idona. Tsinken gwajin ƙwaya ana karanta shi ne akasin na gwajin ciki: layi biyu na nufin ba a ga komai ba, layi ɗaya ne ke nufin an ga wani abu, kuma ko layin na biyu ya fito dishi-dishi, har yanzu ba a ga komai ba ke nan. Wata uwa ta taɓa zuwa mana tana kuka da tsinke a hannu, ta riga ta yi wa ɗanta baki, alhali abin da ke hannunta shaidar wanke shi ce.

Haka nan tsinken yana iya wanke mai laifi, kuma wannan ya fi shafar ka. Alamomin da ka lissafa, rashin barci na kwanaki, da ramewa, da taune haƙora, da zargi, sun yi kama da na masu shan ƙwayar kaftagon, wanda direbobi ke kira Abu Hilalaini saboda zanen jinjirin wata biyu da ke jikinsa, ko kuma shabu, wanda shi ma dangin amfetamin ne. Ba na cewa shi ne, domin ciwon maƙoƙo mai sa jiki zafi da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa ma suna kawo irin wannan, likita ne zai bambance. Amma idan su ne, dukkansu ba sa wuce kwana biyu zuwa huɗu a cikin fitsari. Wiwi ne ke daɗewa, daga kwana uku ga wanda ya sha sau ɗaya har zuwa kusan wata guda ga wanda ya mayar da ita abinci. Ma'ana, idan aka sanar da yaro cewa ranar Asabar za a gwada shi, ya daure daga Litinin, takarda za ta fito fes, mahaifin yarinya ya yi hamdala, matsalar kuwa tana nan daram. Sannan tiramol da Lyrica, maganin ciwon jijiya da wasu ke sha don maye, ba sa fitowa a layin da aka saba gwadawa sai an nemi a saka su da suna, saboda haka duk inda kuka je ka tambayi jerin abubuwan da gwajinsu ya ƙunsa. Gwajin gashi shi ne ke waiwaye nesa, domin gashin kai yana tsawo kamar santimita ɗaya a wata, ana yanke na kusa da fata a ga abin da ya wuce na kimanin kwana 90, amma ba ko'ina ake yin sa ba, kuma ba ya nuna shan da aka yi a makon da ake ciki.

Game da ɗaukar fitsari a ɓoye, Baffa, ina roƙonka ka bar wannan shawara. Fitsarin da aka kwasa daga banɗaki ya gauraya da ruwa da sabulu, ba shi da amfani. Mu a wurin aiki muna auna ɗuminsa cikin minti huɗu da kawo shi, dole ya kasance tsakanin digiri 32 da 38, muna kuma auna kaurinsa domin gane wanda aka tsarma da ruwa. Babu ɗakin gwaji mai mutunci da zai rubuta sunan baligi a kan samfurin da ba shi ya kawo da kansa da iƙamarsa ba. Dokar aikin lafiya ta wajabta mana riƙe sirrin majiyyaci sai a wuraren da ta keɓe, kamar umarnin kotu ko cuta mai yaɗuwa, kuma haƙƙinku ne ku tambaya tun kafin a karɓi samfuri wa da wa zai ga sakamakon.

Alhaji Mai Tasbaha, Makka

Malam Baffa, na karanta bayaninka sau biyu, domin hanyar da kake kai na bi ta da ɗan cikina shekara shida da suka wuce, kuma Allah ya sa yau yana da mata da 'ya'ya biyu. 'Yata Ummu Safiyya ta gama magana a kan gwaji, ni zan taɓa tsoron da ka ambata.

Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasar nan, wadda aka fitar a shekarar 1426 ta Hijira, wato 2005, ta bambanta wanda aka kama da wanda ya kawo kansa. Sashe na 42 ya ce ba za a gurfanar da mutum a kan sha ko jaraba ba idan shi da kansa, ko iyayensa, ko 'ya'yansa, ko matarsa, ko wani daga danginsa ya zo yana neman a yi masa magani, da sharaɗin a miƙa abin da ke hannunsa na ƙwaya idan akwai, ko a nuna inda yake. Kai baffansa ne, kana cikin dangin da dokar ta ambata. Sashe na 56 kuwa shi ne abin tsoron, domin ya ce baƙon da aka yanke wa hukunci za a fitar da shi daga ƙasar bayan ya gama zaman da aka yanke masa, kuma ba zai dawo ba sai abin da ƙa'idar Hajji da Umara ta yarda. Ka duba yaron da ya tashi a nan, bai san kowa a Kano ko Damagaram ba, a sauke shi a filin jirgi da jaka ɗaya. Tun da aka tsananta kamen ƙwaya a 2023 shingayen bincike sun yawaita a hanyoyi, shi kuma kullum yana kan titi da wayit. Kowace rana da ka jinkirta, kana barin ƙofar kamu a buɗe ne alhali ƙofar asibiti tana nan.

Lambobin waya ma kada ka haɗa su. Lamba 937 ta ma'aikatar lafiya ce, ana amsa ta dare da rana, lamba 1955 kuma ta masu ba da shawara a kan jarabar ƙwaya ce. Waɗannan su za ka kira. Lamba 995 ta hukumar yaƙi da ƙwaya ce, ta kai rahoton dillalai, ba ita ce ƙofarka ba a yau. Idan ka kira, ka faɗi gaskiya cewa yaron mai iƙama ne ba ɗan ƙasa ba, ka faɗi irin inshorar lafiyar da yake da ita, domin su nuna maka wurin da zai karɓe shi ba tare da kun yi ta yawo tsakanin Jidda da Makka ba. Ni na kira daga cikin mota a bakin hanya, saboda ko matata ban so ta ji muryata a lokacin ba.

Abu ɗaya da ba zan sassauta maka ba shi ne makullin wayit. Mutumin da ya yi kwana biyu bai runtsa ba yana jan tan-tan na ruwa a hanyar da 'yan makaranta ke bi, wannan ba sirrin gidanka ba ne kai kaɗai. Ka nemi uzurin rashin lafiya a wurin mai motar, ka ajiye makullin a aljihunka tun kafin a yi zancen gwaji.

Malam Abu Yasir, Madina

Ina tare da Alhaji a duk abin da ya faɗa, amma na ga an bar mutum ɗaya a baya, wato yarinyar da aka sa wa rana. Malam Baffa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yadda ka tsara tambayarka, kamar takarda kake nema wadda za ta rufe bakin amininka, alhali shi ba takarda yake nema ba, gaskiyar wanda zai ba wa 'yarsa yake nema. Tunda Malama Ummu Safiyya ta bayyana cewa haƙurin kwana huɗu yana iya wanke fitsari, to kai wa mahaifin yarinya irin wannan sakamako kana sane da abin da idonka ya gani a gida ha'inci ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawararsa a kan masu neman aurenta, bai ɓoye mata aibin Mu'awiya da na Abu Jahmi ba.

Kada kuma a ruɗu da gwajin kafin aure da aka saba yi a nan. An fara shi a 2004 domin sikila da talasimiya, a 2008 aka ƙara ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki. Takardarsa ba shaidar tsarki daga ƙwaya ba ce. Ba na cewa a tona asirin yaro a gari, ba na kuma cewa a fasa. Ina cewa a je wa amini shi kaɗai, a ce masa yaro ba shi da lafiya ana nema masa magani, a ɗaga ranar, shi kuma a bar masa zaɓinsa.

Baffan Marayu, Khulais

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Malam Abu Yasir, maganarka ta yi mini zafi a daren da na karanta ta, amma da na yi sallar asuba na ga ba ka faɗi ƙarya ba.

Jiya bayan isha'i na ɗauki yaron muka tafi can ƙarshen gona inda injin ruwa yake, na ce masa ban zo da tsinke ko kofi ba, bakinsa nake so in ji, kuma duk abin da ya faɗa ba zan kai shi ga askarawa ba. Ya daɗe yana shiru, sannan ya fashe da kuka. Ya ce wata takwas ke nan yana shan Abu Hilalaini, wani direba ne ya fara ba shi rabi a lokacin zafi da ake biyansu bisa yawan sawun da suka yi, yanzu kuma sai ya sha biyu ko uku kafin ya ji daidai. Ya ce idan barci ya ƙi zuwa, wani lokaci yakan sha arak, wato barasar da ake haɗawa a ɓoye a jarka, domin ya samu ya kwanta, amma ya rantse ba kullum ba ne. Makullin wayit yana hannuna, sauran ƙwaya huɗu da ya fito da su ma suna hannuna, kuma na kira 937 da safen nan.

Hajiya Ummu Safiyya, tunda ya amsa da bakinsa, shin akwai sauran amfanin gwajin? Sannan ba ki taɓa zancen barasar ba. Kuma idan na tsare shi a gida har ranar da za mu ga likita, akwai haɗari?

Ummu Safiyya, Jidda

Alhamdu lillahi, Baffa, abin da ka samu a bakin injin ruwa babu na'urar da za ta ba ka shi. Amma gwajin yana da sauran amfani, har ma ya fi na da. Kaftagon na asali an daina yin sa a masana'antun magani tun shekarun 1980, wanda ke yawo yanzu na jabu ne, yawanci amfetamin ne da kafin da duk abin da mai haɗawa ya ga dama, saboda haka shi kansa yaron bai san abin da ya haɗiya ba, likita kuwa yana bukatar sani. Bayan haka, gwajin da ake maimaitawa ba tare da sanarwa ba a tsawon watannin magani shi ne zai zama shaidar da za ka iya kai wa amininka da gaba gaɗi, idan yaron ya yarda a nuna. Sakamako shida masu tsabta a wata shida sun fi takarda ɗaya ta rana ɗaya nesa ba kusa ba.

Barasa ta fi ƙwaya saurin ɓacewa. Na'urar hurawa da gwajin jini suna kama ta ne cikin sa'o'i kawai, da wuya ta wuce rabin yini zuwa yini guda. Akwai gwajin fitsari na musamman da ke neman ragowar da hanta ke fitarwa bayan ta sarrafa barasa, wannan yana iya kaiwa kwana biyu zuwa uku, kuma sai an nema da suna. Yana da saurin kamawa ƙwarai, har maganin kurkure baki ko man tsabtace hannu mai sinadarin barasa yana iya taɓa shi, saboda haka a gaya wa mai gwajin duk abin da ake amfani da shi. Goro da shayi da gahawa ba sa shafar ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan, na faɗa ne domin mutanenmu suna yawan tambaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne arak ɗin jarka, domin irinsa ne ake samun metanol a ciki, gubar da ke makantar da mutum ko ta kashe shi, kuma alamunta sukan jinkirta sa'a 12 zuwa 24. Idan ya taɓa cewa yana gani hazo-hazo, ko ciwon ciki da amai da numfashi sama-sama suka zo bayan ya sha, wannan ba na jiran ranar likita ba ne, ku nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko ka kira motar agaji a 997.

Game da zama a gida, wanda ya bar amfetamin yakan yi barci mai nauyi, ya ci abinci da yawa, jikinsa ya mutu, sannan baƙin ciki mai tsanani ya rufe shi, musamman a makon farko. Haɗarin yana cikin baƙin cikin ne, domin a nan wasu ke tunanin halaka kansu. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a kulle shi a ɗaki, a kawar da maganin ƙwari na gona daga inda hannunsa zai kai, kuma idan ya furta irin wannan magana ko ya fara jin muryoyi, a tafi asibiti a daren. Barasa kuwa, idan ya kasance yana sha kullum saɓanin abin da ya rantse, yankewa kwatsam tana kawo karkarwa da gumi cikin yinin farko, tana iya kai wa ga farfaɗiya cikin kwana biyun farko, da ruɗewa daga kwana na biyu zuwa na huɗu. Ka sake tambayarsa a hankali sau nawa yake sha a mako, ka kuma tambaye shi ko yana haɗawa da Lyrica ko ƙwayar barci, domin su ma ba a yanke su lokaci ɗaya.

Ranar tafiya ku riƙe iƙamarsa da katin inshora, da kwalayen duk maganin da ya sha a makonni biyun nan, har da na mura da na gargajiya. Kada ya ɗura ruwa da yawa da safen, domin fitsarin da ya tsarmu sai an sake karɓar wani, ku kuma ga nisan hanya. Ƙwayoyin nan huɗu kada ka saka su a mota ka bi ta shingen bincike da su, ka sake kiran lambar da ka kira ka gaya musu suna hannunka, su faɗa maka yadda za a miƙa su.